Mu Ma Muna Da Gaɓa: Hanyoyin Keke A Bakin Madatsun Gwarzo Da Kabo

A yammacin ƙasar Faransa akwai wata hanya da ake kira La Vélodyssée, wadda ta bi gaɓar Tekun Atilantika tun daga garin Roscoff har zuwa Hendaye a kan iyakar Sifaniya, tafiyar da ta haura kilomita 1,200, kuma domin masu keke aka tanade ta. Sauƙinta ne ya fito da sunanta. Galibinta shimfiɗaɗɗiya ce, an nisanta ta da manyan motoci, har dattijo da jikansa kan hau su yi yini guda suna tafe, ruwa na gefensu.

Na san Bakano zai ce ina ruwan biri da gada, mu da teku mafi kusa da mu yake Legas? To amma in aka tambayi mai keke abin da yake nema a bakin teku, ba zai wuce ruwan da ido zai huta a kansa ba, da iska mai sanyi, da ƙasar da ba ta wahalar da gwiwa, da nisa daga hayaƙin tirela. Duk waɗannan akwai su a yammacin Jihar Kano, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba daga Kabuga, in an bi titin Gwarzo ta Janguza da Rimin Gado.

Gaɓar tamu ɗan Adam ne ya gina ta. Marigayi Audu Baƙo, wanda ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975, shi ya ɗora jihar a kan turbar tare ruwa, kuma farin da aka sha a farkon shekarun 1970 ya nuna cewa ya yi hangen nesa. An kammala Tiga a 1974, sannan ƙananan madatsu suka biyo baya a ƙarshen shekarun nan zuwa farkon 1980, ciki har da Guzuguzu a ƙasar Kabo, da Pada a ƙasar Gwarzo, da Magaga a wannan yanki dai. Daga baya, a 1992, aka gama babbar madatsar Challawa a Ƙaraye mai maƙwabtaka da su. Domin noman rani da ruwan sha aka yi su, ba wanda ya kawo keke a ransa. Sai dai duk inda ruwa ya kwanta shekara arba'in, ƙafar mutum da ta dabba sai sun fitar da hanya a kewayensa.

Abin da Turawa ke kira keken hawan tsauni wasu matasa ne suka ƙirƙiro shi a Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1970, suna gangarowa daga duwatsu a kan tsofaffin kekuna masu kaurin taya, har wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta a 1996. Kauri ne a taya domin ta kama ƙasa, da giya da yawa domin hawan tudu, da birki mai ƙarfi. Irinsa ya cika wuraren masu sayar da kekuna 'yan Kwatano a birni. Ni kuwa duk sanda na ga manomin Getso ko na Garo ya ɗaure buhun taki a kariyar tsohon Phoenix ɗinsa ya ratsa ƙorama, sai in ce wannan wasa mun daɗe muna yinsa, suna ne kawai ba mu raɗa masa ba.

Ga sabon shiga, shawarata ita ce ya fara da bakin ruwa a tsakanin Nuwamba da Fabrairu. A lokacin laka ta bushe, jar ƙasa ta yi tauri kamar daɓe, ruwa ya fara ja da baya ya bar fili, masu lambu sun bi shi da tumatir da albasa da attaruhu. Hanyoyin da suke bi su kai kayansu bakin titi su ne mafiya daɗin tuƙi, domin kullum ana taka su. A fita bayan sallar asuba, a yi kilomita 10 zuwa 15 tafiya da dawowa, a sauka kafin rana ta take. A wannan sa'a hazon hunturu yana kwance a kan ruwa, masunta na jawo komarsu da karfasa da tarwaɗa, balbelu sun jeru a gefe, zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya kamar mai jiran bashi. Gawo, wanda ke zubar da ganye da damina, a sannan ne yake kore shar. Wanda ya saba ganin ƙasar nan ta tagar mota kaɗai zai yi mamakin yawan abin da gudu ke ɓoye masa.

In ƙafa ta yi ƙwari sai a bar bakin ruwa a shiga burtali. Ƙasar Gwarzo da Kabo tana da tudu da gangare marasa tsanani, daidai wanda zai koya wa mutum amfanin giya ba tare da ya fitar masa da rai ba. Abokan gaba biyu ne. Na farko yashin ƙorama: a sassauta giya tun kafin a shiga, a mayar da nauyi baya, kada a murɗa kan keke, in ya ƙi a sauka a tura, ba abin kunya ba ne. Na biyu ƙaya, musamman tsidau da kashin yawo, waɗanda ke sace iskar taya ba sallama. Saboda haka famfo da kayan faci wajibi ne, haka ma gorar ruwa da hular kwano.

Kada zafi ya ruɗi kowa ya faɗa ruwan, domin kwantaccen ruwa irin wannan gidan tsargiya ne, kuma zurfinsa ba ya nuna kansa. Kada a taka shukar mutane. In garke ya tare hanya, a tsaya ya wuce. In za a ratsa ƙauye a ƙungiyance, a fara gaida mai unguwa, a kuma ajiye waya a aljihu in an zo kusa da mata masu wanki. Batun tsaro ma ba a yi masa kara: yankin yana iyaka da Jihar Katsina, don haka a tambayi mutanen gari halin da ake ciki kafin a fita, kada a tafi a kaɗaice, kada kuma magariba ta riski kowa a daji.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, alal haƙiƙa, shi ne hanyoyin nan suna ƙarewa. Kowace damina garma takan ɗan gutsuri burtali daga dama, ta ɗan gutsura daga hagu, har hanyar da garke ke bi a sake ta koma wadda jaki ɗaya ke matsawa da ƙyar. Inda aka nome har bakin ruwa aka sare itatuwa, kwazazzabo kan buɗe, ya cinye hanyar, ya kwashi ƙasar ya zuba a cikin madatsar, ita kuma ta riƙa cikewa. Mai keken nishaɗi shi ne mafi ƙarancin asara a nan. Hanyar da zai rasa ita ce ta ɗan makaranta, ita ce ta mai kai tumatir kasuwa, ita ce kuma wadda in ta toshe ake wayar gari da rigimar manomi da makiyayi.

Sai kuma raini da muke yi wa keke. Garin da kamfanin Raleigh ya taɓa kafa masana'anta a cikinsa, yau a nan ne in aka ga ma'aikaci a kan keke sai a ce karayar arziki ta same shi. Da ministan sufuri Ojo Maduekwe ya yi kiran a koma wa keke a 2001, har mota ta ture shi a Abuja yana kan nasa, dariya aka yi ta yi. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya mayar da mutane da yawa kan sirdi, amma bisa tilas, kai a sunkuye.

Ba kwalta nake roƙo ba, kwalta ma ɓata abin za ta yi. Majalisun ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo, tare da hakimai da dagatai, za su iya shata iyakar burtalai da hanyoyin bakin ruwa, a dasa itatuwa a gefensu, a kafa 'yan alluna masu nuna nisa da sunan ƙauye na gaba. Masu faci da masu shayi za su zo da kansu. Ɗaliban Jami'ar Bayero kuwa, da sabon matsuguninsu ke kan titin Gwarzo, su ne suka fi kowa kusa da fara fita rukuni-rukuni. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin Ranar Keke ta Duniya tun 2018, amma a wurinmu ranar takan faɗo ne a bakin damina, mutane na gona, ƙasa ta fara jiƙa. In za mu sa tamu ranar, a duba wata Asabar a cikin Disamba, bayan an gama kai amfanin gona gida.