Daga Hatimin Sarakuna Zuwa Sa Hannun Kwamfuta

Gabatarwa

A zamanin Daular Usmaniyya, idan Sarkin Musulmi zai aika da wasiƙa daga Sakkwato ko Wurno zuwa ga wani sarki, magatakarda ne ke rubuta ta da Larabci, sannan a shafa wa hatimi tawada a buga a jikin takardar. Wanda aka kai wa, hatimin nan yake fara dubawa kafin ya gaskata abin da ke ciki. Da ilmin boko ya shigo, sai sa hannu da dangwala yatsa suka karɓi wannan aiki a ofisoshi da bankuna da kotuna.

A yau ɗalibin da ke Isa ko Sabon Birni kan sami takardar neman gurbin karatu ko ta tallafi ta intanet, a ce ya sa hannu ya mayar. Tafiya Sakkwato domin takarda ɗaya tana cin kuɗi da lokaci, ga kuma matsalar tsaro da ta addabi hanyoyin gabashin jihar a 'yan shekarun nan. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda mutum zai mayar da sa hannunsa hoto mai tsabta a kwamfuta, da kuma abin da ya sa ya wajaba ya tsare shi kamar yadda sarakuna suka tsare hatiminsu.

Yadda Kwamfuta Ke Ganin Hoto

Kwamfuta ba ta san alƙalami ko tawada ba, lambobi kawai ta sani. Kowane hoto a wurinta tarin ƙananan ɗigogi ne da ake kira fiksel, an jera su layi-layi kamar saƙar tabarma. Kowane ɗigo yana ɗauke da lambobi uku da ke nuna yawan ja da kore da shuɗi da ke cikinsa, kowace lamba kuwa daga 0 take zuwa 255. Idan duka ukun 0 ne, ɗigon baƙi ne wuluk. Idan duka 255 ne, fari ne fat. Haɗa waɗannan lambobi yana ba da launi iri 16,777,216.

Alal misali, sa hannu mai tsawon inci 2 da faɗin inci 1, idan aka ɗauke shi da ɗigo 300 a kowane inci, zai zama ɗigo 600 sau 300, wato ɗigo 180,000 ke nan. Gyaran hoto kuwa, sauya waɗannan lambobi ne kawai. Manhajojin da ke wannan aiki suna da yawa. Akwai Photoshop ta kamfanin Adobe wadda ta fito a 1990, akwai kuma GIMP wadda ɗalibai biyu na Jami'ar Kalifoniya ta Amurka suka fara rubutawa a 1995, ita kuwa kyauta ake samun ta.

Matakan Aikin

Da farko, a sami farar takarda marar layi da biro baƙi mai kaurin baki. A sa hannu sau biyar ko shida, a zaɓi wanda ya fi kama da na yau da kullum, domin sa hannun da aka ƙawata ya sha bamban da wanda banki ya sani zai iya jawo wa mai shi tambaya.

Na biyu, a ɗauki hotonsa. Na'urar sikana ta fi kyau, amma waya ma tana wadatarwa. A shimfiɗa takardar a inuwa mai haske, kamar ƙofar zaure da hantsi, a riƙe wayar a saitin takardar ba a karkace ba, kuma a kula kada inuwar hannu ta faɗa a kai.

Na uku, a buɗe hoton a manhaja, a yanke gefe-gefensa har ya rage sa hannun kaɗai. A nan mai karatu zai lura cewa takardar da idonsa ya gani fara ta fito toka-toka, domin lambar ɗigoginta ba ta kai 255 ba. Maganin wannan shi ne ma'aunin haske da ke cikin jerin kayan gyaran launi. Ana ba shi iyaka, a ce 128: duk ɗigon da haskensa ya haura wannan lamba ya koma fari, wanda bai kai ba ya koma baƙi. Idan siraran layuka suka fara tsinkewa, sai a ɗaga iyakar kaɗan; idan dattin takarda ya bayyana, sai a sassauto da ita.

Na huɗu, a cire farin gaba ɗaya. Ana iya ƙara wa kowane ɗigo lamba ta huɗu da ke nuna ko ana iya hangen abin da ke bayansa. A zaɓi farin launi da abin zaɓen launi, a goge shi. Gurbinsa zai koma zanen murabba'ai masu kama da allon dara, alamar cewa wurin ya zama kamar gilashi. Da haka, idan aka ɗora sa hannun a kan takarda, ba zai rufe layi ko rubutun da ke ƙarƙashinsa ba.

Na biyar, a adana shi a tsarin PNG, wanda ya fito a 1996. Tsarin JPEG na 1992 ba ya riƙe wannan lamba ta huɗu, kuma yana zubar da wasu bayanai domin rage nauyin hoto, abin da ke sa bakin layuka ya yi dishi-dishi. Sai dai idan hukumar da za a aika wa JPEG ta nema, sai a ba ta abin da ta nema.

Hoto Ba Shaida Ba Ne

Mai son satar hatimin sarki sai ya shiga fada, ko ya sami maƙerin da zai kwaikwaya, kuma da wuya kwaikwayon ya rasa aibi. Hoton sa hannu kuwa lambobi ne, ana kwafe su cikin ƙiftawar ido ba tare da ɗigo ɗaya ya sauya ba. Duk wanda ya mallaki hoton zai iya manna shi a takardar bashi ko ta cinikin gona.

Saboda haka ne masana lissafi suka samar da wani nau'in sa hannu na daban. A 1976 Whitfield Diffie da Martin Hellman suka bayyana dabarar mabuɗi biyu, a 1977 kuma Rivest da Shamir da Adleman suka fito da tsarin RSA. Mabuɗi ɗaya na sirri ne, da shi mai takarda ke ƙulla wata doguwar lamba da aka lissafo daga rubutun takardar. Ɗayan na kowa ne, da shi ake tantancewa. Idan aka sauya ko da harafi ɗaya, lissafin ba zai dace ba. Hoton sa hannu ba shi da wannan kariya.

A Nijeriya, sashe na 93 na Dokar Shaida ta 2011 ya amince da sa hannun na'ura. Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 kuma, a sashe na 17, ta tanadi ɗaurin da bai wuce shekara 7 ba, ko tarar da ba ta wuce Naira miliyan 10 ba, ko duka biyu, ga wanda ya ƙirƙiri sa hannun wani da niyyar zamba.

Kammalawa

Masu iya magana na cewa rigakafi ya fi magani. Ɗalibin da ya yi wannan aiki a shagon kwamfuta ya tabbata an goge hoton a gabansa, har daga kwandon sharar na'urar, kuma ya tafi da takardar da ya gwada hannu a kai. Kada a tura hoton shi kaɗai ta WhatsApp. A ɗora shi a kan takardar da ake bukata, a mayar da ita PDF, sannan a aika. A sa wa wayar da aka adana shi lambar sirri. Malamai kuwa za su iya koyar da darasin da sunan ƙage, domin kada sa hannun ɗalibai na gaskiya ya taru a kwamfutar makaranta.