Tallan Likitan Haƙori a Ƙasar Dambatta da Bichi

Arewa da birnin Kano, tun daga Ungogo da Minjibir har Dawakin Tofa da Bichi da Dambatta, ƙasa ce mai yawan jama'a, gona manne da gona, ba a barin saura. Baligi yana da haƙora 32, kuma da wuya a shiga gida a rasa mai fama da ɗayansu. Amma duk da haka, likitan da ya buɗe ɗakin gyaran haƙori a wannan yanki ya kan wuni yana kallon ƙofa, alhali kuwa ran kasuwa mai magani da lasifika ya tara mutane ba masaka tsinke, yana cewa zai fid da tsutsar haƙori nan take.

Likita ba shi da damar yin irin wannan shela. Majalisar da ke kula da likitoci a Nijeriya, wadda asalinta dokar 1963 ce, ta hana likita yabon kansa ko farautar majinyata. Abin da aka yarje masa shi ne allon suna a ƙofa, da wayar da kan jama'a. To, a cikin wannan ɗan fili ne mai hikima ke yin tallansa.

Farkon abin da zai sani shi ne lokacin manomi. Da damina mutum ba ya barin gona saboda haƙori. Sai ya danna kanumfari a kogon, ya koma bakin aiki. Da kaka, in gero da gyaɗa da wake sun shigo gida, sa'an nan kuɗi ke zama a hannu. Saboda haka likitan da ya buɗe da sassafe ran Lahadi, sa'ad da kasuwar Dambatta ke ci, ya rage wa baƙauye kuɗin mota da asarar yini, gama tafiya ɗaya ta biya bukata biyu.

Sa'an nan ya bi ta ƙofar da aka saba. Ya gai da hakimi, ya gai da dagaci da masu unguwa, ya nemi izinin duba bakin 'yan makaranta kyauta. A nan zai nuna wa iyaye cewa turmin da ke fito wa yaro yana shekara 6 ba ya cikin haƙoran da a ke famfara, in ya ruɓe babu madadinsa. A nan kuma zai bayyana cewa babu tsutsa a haƙori: ƙwayoyin cuta ne waɗanda ido ba ya gani, suna cin ragowar alawa da sukari, suna fid da tsami mai zaizaye haƙori. Kada ya kushe asuwaki, domin in an iya amfani da shi yana tsabtace baki ƙwarai. Kada kuma ya raina wanzami, gama shi mutane ke fara kai wa kuka, kuma wanzamin da aka girmama shi ne zai turo abin da ya fi ƙarfinsa.

Abu biyu ke hana talaka zuwa, watau tsoron zafi da tsoron kuɗi. Maganin na farko allurar kashe zafi da haƙuri wajen bayani. Maganin na biyu a faɗa wa mutum kuɗin ciko da kuɗin cirewa tun bai hau kujera ba, kada kuma a ƙara ko kwabo daga baya. In akwai mace ma'aikaciya a ɗakin, maigida zai fi sakin jiki ya bar iyalinsa su zo. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Wannan magana ta wuce neman riba. Kumburin haƙori in ya gangara ƙarƙashin haɓa yana iya toshe numfashi, ya kashe mutum cikin 'yan kwanaki. Akwai kuma cutar da likitoci ke kira noma, ba noman gona ba, wadda ke farawa daga gyambon dasashi a bakin ƙananan yara masu ƙarancin abinci, ta cinye kumatu da leɓe. Saboda ita aka buɗe asibitin yara na musamman a Sakkwato cikin 1999, kuma cikin Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. In an gan ta tun tana dasashi, wankin baki da magani da abinci mai kyau su kan tsai da ita. Likitan da mutane suka saba da ƙofarsa shi a ke kawo wa yaro tun da sauran dama. Abin da ya gagare shi kuwa, ya tura Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ba da jinkiri ba.

Lasifika ta kan yi shiru in kasuwa ta watse. Amma dattijon da ya kwana uku bai runtsa ba, aka yi masa aiki ya samu barci, shi zai ba da labari a dandali da wurin suna da bakin rijiya, ba a biya shi ko anini ba. Don tuwon gobe a ke wanke tukunya. Allah Ya ƙara wa jama'a lafiya.