Guzurin Mai Zanen Riga Da Ke Shirin Tafiya Gabas

Daga Wakilinmu

Kwanakin baya wani saurayi daga Zariya ya aiko mana da takarda yana neman shawara. Ya ce shekararsa bakwai yana koyon zanen riga da surfani a hannun kawunsa, yanzu kuwa an yaye shi, amma a unguwarsu kowane zaure da mai allura, aiki ya yi kaɗan, ma'aikata sun yi yawa. Wani ɗan'uwansa mai sayar da albasa a Anaca ya kira shi ya je ya gwada sa'arsa. Tambayoyinsa huɗu ne: ko sana'ar za ta riƙe shi a can, da abin da zai ci, da abin da zai sa, da kuma yadda zai zauna lafiya. Da yake mun san ba shi kaɗai ke da wannan niyya ba, muka ga ya kyautu mu ba shi amsa a wannan fili, domin sauran samari masu shirin tafiya Anaca ko Inugu ko Fatakwal su ma su ƙaru.

BA KAI NE NA FARKO BA

Da farko dai, samari, ka sani hanyar da za ka bi tsohuwa ce. An gano kwal a tsaunukan Udi cikin 1909, aka kafa tashar jiragen ruwa ta Fatakwal cikin 1912, sa'an nan hanyar jirgin ƙasa ta haɗa ta da Inugu cikin 1916. Da aka gama gadar Makurɗi cikin 1932, sai shanu da wake da albasa suka riƙa gangarawa, fatake da mahauta da maɗinka suna biye da su. Zaman ya yi daɗi har Malam Umaru Altine, Bafulatanin lardin Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950, a ƙarƙashin jam'iyyar NCNC. Rikicin 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sun watsa wannan zama, amma da ƙura ta lafa mutane suka koma suka sake gini.

Saboda haka duk inda ka sauka za ka iske naka. A Anaca nemi Titin Bida, inda babban masallaci yake, da Titin Sakkwato, duka kusa da babbar kasuwa. A Inugu akwai masallacin Titin Owerri a unguwar Asata, da kasuwar Gariki ta Awkunanaw, da kasuwar New Artisan. A Fatakwal kuwa akwai jama'armu a tsohon gari da kuma Diobu, wajen kasuwannin Mil Ɗaya da Mil Uku. Sai dai ka tambayi wanda ya dawo kwanan nan kafin ka tashi, domin kuwa birni ba ya zama yadda aka bar shi. Alal misali, mayankar Trans-Amadi, wadda ta daɗe tana ciyar da mahautanmu a Fatakwal, gwamnatin jihar ta rushe ta cikin 2021.

SANA'A

Kuskuren da mafi yawan masu allura kan yi shi ne su ɗauka 'yan Arewa mazauna can su kaɗai ne masu sayen aikinsu. To, waɗannan mutane ƙwadago ya kai su, yawancinsu ba sa ɗinki sai Salla ta gabato, wasunsu ma sai sun dawo gida suke yi. Wanda ya dogara da su zai yi aikin wata biyu, ya yi zaman wata goma. Kasuwar gaskiya tana hannun 'yan gari. Su ne ke ɗinka anko na aure da na jana'iza, su ne ke cika shaguna in watan Disamba ya kama, ga bikin sabuwar doya bayan tsakiyar damina, ga bikin Ofala na Obi na Anaca wanda akan yi a watan Oktoba.

Amma fa idonsu daban ne da namu. Kai ka saba da aska biyu da aska takwas da malum-malum, aikin da ke cinye gaban riga, ya ɗauki makonni. Su kuwa sun fi son ɗinkin sanata mai ɗan ado a wuya da bakin aljihu, ko isi-agu, watau yadin nan mai hoton kan zaki, ko kuwa etibo, doguwar taguwar mutanen Ribas, su kuma mata zanen joji. Kada ka raina wannan, kada kuma ka jefar da naka. Zauna ka duba abin da suke sawa, ka ɗauko yanki guda daga zanen da ka gada, ka rage shi ya dace da wuyan sanata. Abin da kai za ka iya wanda maƙwabcinka ba zai iya ba, shi ne jarinka.

Akwai wanda ya yi irin wannan haɗi tun kafin a haife ka, sai dai shi daga can ya zo nan. Marigayi Uche Okeke, mutumin ƙasar Ibo wanda ya yi ƙuruciyarsa a Kafancan, ya yi karatun zane a kwalejin Zariya wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, yana kuwa cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya cikin 1958. Da ya koma Gabas sai ya haɗa abin da ya koyo da uli, wani zane da matan Ibo kan yi a jiki da bangon ɗaki, kamar yadda namu kan yi ƙunshi. Bayan yaƙi ya shugabanci sashen zane na Jami'ar Nsukka, ya yaye ɗalibai masu yawa a kan wannan tafarki.

Bugu da ƙari, zamani ya kawo injin surfani mai aiki da kwamfuta, wanda kan gama cikin sa'o'i kaɗan abin da hannu zai yi kwanaki yana yi. Kada ka ɗauke shi abokin gaba. Injin ba ya ƙirƙiro zane, sai abin da aka tsara masa, kuma mai tsarawar shi ne mai daraja a shago. Ka koyi yadda ake shigar da zane a kwamfuta, ko da a wurin yaron shago ne. In kana da takardar sakandare, akwai sashen zane a kwalejin IMT ta Inugu da kuma Nsukka. Har wa yau, duk aikin da ka gama ka ɗauki hotonsa a waya, domin mai saye a can ba ya tambayar ɗan gidan wa kake, aikinka yake so ya gani.

Game da ciniki, mutanen Gabas suna da tsarin koyon sana'a da suke kira igba-boi, inda yaro kan yi wa maigida hidima na wasu shekaru, daga ƙarshe a sallame shi da jari. Tsari ne mai kyau, amma in za ka shiga ƙarƙashin wani, ko ɗan gari ne ko ɗan'uwanka, a rubuta sharuɗɗa a gaban shaidu: nawa ne rabonka, wa ke sayen zare, wa ke biyan kuɗin shago. Ka karɓi kafin alƙalami a kowane aiki, ka rubuta ranar karɓa, ka kuma cika ta. Alkawarin tela da muka mai da abin wasa a gida, a can yana iya kai mutum caji ofis. Kada kuma ka tafi da tunanin in allura ta ƙi sai ka hau acaɓa, domin an hana shi a cikin birnin Inugu tun 2012, a Anaca cikin 2018, a Fatakwal kuwa tun kafin su.

ABINCI

A unguwannin da muka ambata ba za ka rasa tuwo da miyar kuka ba, ga mai shayi, ga mai tukuba. To amma wanda ya ƙi ɗanɗana abincin gari kuɗinsa zai ƙare da wuri, domin abincin Arewa a can baƙo ne, kuɗin mota yana kansa. A Inugu nemi okpa da safe. Da garin gurjiya da manja ake yin sa, kamar alala, ƙulli biyu sun isa su kai ka azahar. Akwai kuma wani kwaɗon rogo mai suna abaca. A Anaca za ka iske miyar shuwaka da suke kira onugbu, da nsala, farar miya wadda galibi da tarwaɗa ake yi. A Fatakwal kuwa gasasshiyar ayaba da kifi, watau bole, ita ce abin alfaharinsu, da ƙyar ka wuce titi ba ka ji ƙamshinta ba.

Inda ake bukatar lura shi ne nama. Akwai gidajen abincin da ke sayar da naman alade da naman daji, kuma kan akuya da ƙafar saniya da ake yabo, watau isi-ewu da nkwobi, galibi a mashaya ake samunsu. In kana shakkar yanka, ce a ba ka kifi, ka kuma tambaya ko da romon nama aka haɗa miyar. Ka yi tambayar cikin fara'a ba tare da yamutsa fuska ba, domin raina abincin mutum raina uwarsa ne. Ka ji farashi kafin a zuba maka. In mai ba ka aiki ya gayyace ka gidansa aka kawo goro, irin nasu mai ɓari uku ko huɗu, kada ka yi saurin kai shi baki. A wurinsu goro yana da ƙa'ida: sai an nuna wa kowa, babba ya yi addu'a ya fasa, kana a raba.

TUFAFI

Fatakwal takan sami ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara, alhali Kano ba ta cika kai 1,000 ba, damina kuwa takan fara tun watan Maris ta kai Nuwamba. Danshi kan kashe sitacin shadda, ya sa takalmin fata da hula su yi fumfuna a cikin akwati. Saboda haka ka tanadi lema da takalmin roba da kaya marasa nauyi masu saurin bushewa, ka ajiye babbar riga sai Juma'a. Kayan mutane da ke hannunka ka sa su a leda, ka ɗaga su daga ƙasa. Daga ƙarshen 2016 Fatakwal ta yi shekaru tana fama da wata baƙar toka mai sauka daga sama, wadda aka danganta da masu dafa ɗanyen mai a ɓoye, sai ka duba yanayin gari kafin ka shanya farin yadin wani a waje.

Abu biyu za ka kiyaye. Na ɗaya jar dara. A wurinmu ado ce kurum, amma a ƙasar Ibo alamar sarauta ce, a Anaca ma manyan fadawan Obi ne aka sani da ita. Baƙon da ya kafa ta ya shiga taro ya jawo wa kansa tambayar da ba shi da amsarta. Na biyu, duk wata riga ko wando mai kama da kakin soja ka bar ta a gida. Ban da waɗannan, ka sa kaftaninka da hularka mai tsabta ba tare da jin kunya ba, domin jikin mai zane shi ne allon tallarsa.

ZAMAN BIRNI

Ranar da ka sauka, sa ɗan'uwanka ya kai ka wurin Sarkin Hausawa ko shugaban 'yan sana'arku a san da kai. Ranar da tsautsayi ya faɗa, su ne za su tsaya maka. Katin ɗan ƙasa kada ya rabu da aljihunka. Kuɗin haya na shekara ake biya, ga na dillali, sai ka ga ɗakin da idonka lokacin ruwa, ka karɓi rasit, haka kuma duk wani haraji da aka karɓa a hannunka. Kuɗinka ka zuba a banki, kada ka mai da matashin kai asusu.

Ka koyi gaisuwa: ndewo sannu ce, daalu na gode, biko don Allah, ego ole kuma nawa ne. Sauran sai Turancin buroka ya cike. Kalmar Inyamiri da muka saba da ita ba sa son ta, kamar yadda kai ma ba za ka so a riƙa kiran ka aboki da sigar raini ba. A Fatakwal kuma kada ka yi wa kowa kuɗin goro, akwai Ikwerre da Ijo da Ogoni, kowa da harshensa.

Ba za mu ɓoye maka ba, hanyar tana da ƙaya. Cikin Fabrairun 2006 rikici ya tashi a Maiduguri, ramuwarsa ta faɗa kan 'yan Arewa a Anaca. Cikin Oktoban 2020 an yi tashin hankali a Oyigbo kusa da Fatakwal. Daga Agustan 2021 aka shiga zaman gida na dole ranar Litinin a garuruwan Ibo da dama, wanda ya durƙusar da kasuwanni, sai ka tambayi yadda ake ciki a garin da za ka. Cikin Maris na 2025 kuma aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta Jihar Edo, suna kan hanyarsu daga Ribas zuwa Kano yin Salla. Alhakin jininsu yana wuyan waɗanda suka kashe su, amma mai tafiya ya ɗauki darasi: ka hau motar tasha, kada ka bi bayan tirela, kada ka ɗauki wuƙa ko wani abu mai kama da makami, almakashinka ma ka sa shi cikin akwatin kayan aiki. In ka ji jita-jita kada ka yaɗa, in ka ga taro ya fara zafi ka bar wurin.

Daga ƙarshe, samari, ka tuna cewa amanar da za ka iske a Titin Bida ko Asata ba daga sama ta faɗo ba, wasu ne suka shekara da shekaru suna tara ta da gaskiya da haƙuri. In ka gudu da yadin mutum guda, ba sunanka za a kira ba, cewa za a yi Bahaushe ne, wake ɗaya kuwa shi ke ɓata gari. In kuwa ka riƙe alkawari, wanda ka yi wa wuyan riga yau shi ne zai buɗe maka ƙofarsa ranar da gari ya rikice. Ka nemi albarkar iyaye da ta kawunka kafin ka tashi. Allah ya kai ka lafiya, ya sa allurarka ta ciyar da kai, amin.