Yadda Ake Koyon Kafa Hujja a Jami'o'in Amurka

A yawancin jami'o'in Amurka, ɗalibin shekarar farko tilas ya shiga ajin insha'i, inda ake koya masa shawo kan mai karatu da hujja.

Cikin abin da akan feɗe akwai wasiƙar da Martin Luther King ya rubuta a kurkukun Birmingham a 1963, amsa ga malaman addini takwas da suka ce lokacin zanga-zangar baƙar fata bai yi ba.

Ɗalibi yakan zaƙulo abubuwa uku da Aristotal ya zayyana, wato mutuncin mai magana, sosa zuciyar mai sauraro, da dalili. Sa'annan ya rubuta tasa hujjar.

Wanda ya ƙware kuwa, zaƙin bakin ɗan siyasa ba ya ruɗinsa.