Girman Kwanson Waken Soya Gado Ne

Jama'a, duk mai saye da sayar da waken soya ya san buhu ya fi buhu. Wani ƙwayarsa ɓul-ɓul, wani kuwa ƙanana. Galibi akan ɗora abin a kan taki da ruwan sama. Suna da nasu rabo, amma fa tushen abin yana cikin irin da aka shuka.

Asalin waken nan daga ƙasar Sin yake. Kakansa na daji yana can har yanzu, mai ƙananan kwanso da 'yan ƙwayoyi baƙaƙe, da ya bushe sai ya fashe ya watsar da su. Manoma ne suka yi ta zaɓen manya suna shukawa shekaru dubbai, har ya zama yadda muka san shi.

A cikin 2010 masana suka karance ƙwayoyin gadon waken soya, watau abubuwan da tsiro ke gada daga iyayensa, suka sami wajen 46,000. Girman kwanso ba guda ɗaya ke riƙe da shi ba, da yawa ne, kowace da ɗan abin da take ƙarawa. Amma akwai wata da ake kira Ln: in ta sa ganye ya yi siriri, sai a sami kwanso mai 'ya'ya huɗu da yawa, ko da yake 'ya'yan sukan ɗan rage girma. A cikin 2014 kuma masanan Japan suka gano wata, Pdh1, wadda ke murɗa busasshen kwanso har ya tsage.

Wannan ya shafe mu ƙwarai, gama iskar hunturu takan fasa kwanso tun kafin girbi. Don haka tashar binciken noma ta Nyankpala, kusa da Tamale, ta fitar da iri mai suna Jenguma a 2003, wanda ba ya saurin fashewa.

To, ga inda maganar ta zo kan 'yan kasuwa. Furen waken soya shi ke yi wa kansa barbara, saboda haka ɗa yakan biyo uwa sak. In dillali ya gauraya iri biyu a buhu guda, manomi ya saya ya shuka, wani zai fashe tun wani bai nuna ba, asara ta dawo kan kowa. A ware na shuka daban da na awara, a kuma tambayi sunan iri kafin a biya kuɗi.