Rigar Fata ta Mata Samfurin 'Yan Babur: Abin da Ya Kamata Mai Sari da Mai Saye Su Sani

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu yake kaɗawa, kasuwar rigunan sanyi takan buɗe a manyan biranen ƙasar nan. Daga cikin hajar da ake baje kolinta a kasuwanni irin su Taminus ta Jos, da Wuse ta Abuja, da Balogun ta Legas, akwai gajeriyar rigar fata ta mata, wadda aka fi sani da jaket samfurin 'yan babur. Haja ce mai riba, amma tana da tarko. Ɗan kasuwar da bai iya rarrabe fata da roba ba yana iya zuba jarinsa a kan kayan da za su sasale kafin wani hunturun ya zagayo.

Asalin wannan riga daga Amurka ne. A shekarar 1928 wani maɗinki a birnin New York mai suna Irving Schott ya ƙirƙiro ta domin masu hawan babur, ya raɗa mata suna Perfecto, aka kuma fara sayar da ita a kan dala biyar da rabi. Ta yi suna a duniya bayan ɗan wasa Marlon Brando ya fito da irinta a fim ɗin The Wild One a 1953. A 1960 kuma Yves Saint Laurent, wanda yake jagorantar ɗinki a gidan Dior na birnin Faris a lokacin, ya shigar da samfurin cikin tufafin mata masu tsada.

Kowane sashe na rigar yana da dalilinsa. An karkata zif ɗin gaba ne domin fata ta ruɓanya a ƙirji ta tare iska. Maɓallan da ke kan kwala suna hana ta kaɗawa idan babur ya ɗauki gudu, zif ɗin bakin hannu kuwa yana matse wuyan hannu. An gajarta ta zuwa ƙugu domin kada ta tattare idan an zauna.

Abu na farko da ya wajaba mai sari ya tantance shi ne irin fatar. Ta saniya ita ce mafi kauri da juriya, amma tana da nauyi. Ta ɗan rago tana da laushi da rashin nauyi, shi ya sa aka fi ɗinka rigunan mata da ita, sai dai ba ta jure karce. Ta akuya tana tsakani: ba ta da nauyi, ga ƙarko.

Gaskiyar magana ita ce, da yawa daga cikin masu araha da ke kasuwa ba fata ba ne, yadi ne aka shafe shi da wani nau'in roba. Zafi da laima suna narkar da ƙarfin wannan roba a hankali, har ta fara tsagewa tana ɓarewa, ko da rigar tana rataye a kanti ba a taɓa sa ta ba. Idan ta soma haka, babu gyara. Don haka kada a dogara da abin da aka rubuta a jikin lamba. A dubi bayan fatar ta wata kafa a cikin aljihu ko ƙarƙashin shafi: ta gaskiya tana da ɓurɓushin gashi-gashi, ta roba kuwa saƙar yadi za a gani. Ƙofofin gashin fatar gaskiya ba sa zama daidai wa daida, kuma tana da ƙanshin jima wanda hanci ba ya ɓata. Sayar da ta roba ba laifi ba ne, muddin an gaya wa mai saye, an kuma sa mata farashinta. Laifin yana ga sayar da ita da sunan fata, domin wanda aka cuta sau ɗaya ba ya komowa, kuma ba ya yin shiru.

Bayan fata sai zif, domin shi ne yake fara lalacewa, kuma sauya shi a jikin fata aiki ne mai tsada. Na ƙarfe daga sanannun kamfanoni irin su YKK na Japan ya fi aminci. A kuma duba ɗinkin hammata da na aljihu da lafiyar shafi. Masu sarin gwanjo su ƙara da shinshina kayan saboda warin fumfuna, su kuma tuna cewa tufafin gwanjo suna cikin jerin kayan da dokar kwastan ta hana shigowa da su.

Wajen awo, kafaɗa ce ma'auni. Idan ɗinkin kafaɗa ya zauna daidai, sauran mai sauƙi ne, domin fata takan ɗan saki ta bi jiki. Idan kuwa ta yi yawa, ragewa yana da wuya, tun da duk inda allura ta huda fata, hudar ba ta rufewa.

Wani abin lura shi ne, rigar ado dabam, rigar kariya dabam. Macen da take tuƙa babur da gaske tana bukatar fata mai kaurin da ya kai milimita 1.2 ko fiye, da matasai a gwiwar hannu da kafaɗa. A Turai akwai ƙa'idar EN 17092 da ake gwada irin waɗannan tufafi da ita. Siririyar fatar ado ba za ta kare jiki ba idan an faɗi a kan kwalta.

Ta fuskar kwalliya, gajartar rigar ta sa tana dacewa da dogayen tufafi. Tana zama a kan abaya ko doguwar riga, haka nan a kan riga da siket na atamfa, inda baƙa ko ruwan ƙasa take kwantar da hayaniyar launuka. Mayafi marar kauri ya fi dacewa, a kula kada zif ya kama shi. Baƙa ce ta fi saurin fita a kasuwa, saboda haka mai ƙaramin jari ya fara da ita kafin ya shiga launuka.

Kulawa kuma ta danganta da wuri. A Legas da Fatakwal laima ce abokiyar gaba: kada a ajiye rigar a cikin leda, a rataye ta a kan faffaɗan maratayi inda iska take shiga. A Jos da sauran wuraren da hunturu yake da ƙarfi, bushewa ce matsala: a share ƙura da tsumma mai ɗan danshi, a shafa man gyaran fata sau ɗaya ko biyu a shekara, bayan an gwada shi a ɓoyayyen wuri. Idan ruwa ya doke ta, a bar ta ta sha iska a inuwa. Kada a shanya ta a rana, kada a sa mata dutsen guga, kada kuma a jefa ta cikin injin wanki. Mai kanti da ya bayyana wa abokan cinikinsa wannan ya rage wa kansa ƙorafi.

Daga ƙarshe, akwai abin da ya kamata masu jari su yi wa nazari. Fatar jar akuyar Sakkwato tana cikin fatun da duniya take yabawa, kuma masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa a Kano sun daɗe suna fitar da fatun awaki da tumaki zuwa Italiya da Sifen. A can ake mayar da su takalma da jakunkuna da riguna, ribar mai tsoka kuma ta zauna a can. Ga Cibiyar Nazarin Kimiyyar Fata a Zariya, ga ƙwararrun maɗinka a Aba da Kano. Ɗan kasuwar da ya koyi sanin fata domin kare jarinsa a yau, shi ne ya fi kusa da haɗa majemi da maɗinki gobe, a ɗinka rigar a gida.