Yadda batun bauta ya shiga lissafin mamaye Kano a 1903

Lokacin da sojojin Birtaniya suka fasa ganuwar Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903, babbar hujjar Lugard ita ce hana farautar bayi. An rufe cinikin bayi a Kasuwar Kurmi, amma bayin da ke gidaje da gandaye ba su sami 'yanci ba.

Dalili kuwa na mulki ne. Turawa ba su da isassun ma'aikata, don haka suka dogara da Sarki Abbas da hakimansa, waɗanda arzikinsu ya rataya a kan ƙwadagon bayi. Dokar 1901 ta 'yanta yaran da aka haifa daga ranar 1 ga Afrilu na shekarar, ta bar iyayensu su fanshi kansu ta hanyar murgu. Alƙalan birni ne ke yanke hukunci kan kuɗin fansa, tun kafin a buɗe makarantar horar da alƙalai a Shahuci. Sai a 1936 aka haramta bauta ɗungurungum.

Amurka ma ta yi irin wannan ciniki yayin faɗaɗa tarayyarta. A yarjejeniyar 1820, an amince Misuri ta shigo da bauta, Main kuma ba bauta, domin kujerun majalisar dattawa su daidaita. Yarjejeniyar ta rushe a 1854, yaƙin basasa ya ɓarke a 1861.

A wuraren biyu, masu mulki sun sami ƙarin ƙasa, bayi kuma aka ce su jira.